Aisin Yahuza a Ƙarƙashin Faifan Inna

Yau shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar ƙanena Yahuza. Ya cika da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar Laraba, a shigifar gidanmu da ke Kwarbai, cikin birnin Zariya, a kan gadon da muka jawo masa kusa da teburin aikinsa domin ya ƙi a mayar da shi cikin gida. Waɗanda ke wurin su ne ni yayansa Dalhatu, ina tallabe da kansa, da matarsa Hajara, tana tsaye bakin ƙofa da 'yarsu Rabi goye a bayanta. Abokinsa Bulus na Wusasa isowarsa ke nan, yana jingine kekensa a zaure, ya ji salatin da na yi, ya tsaya inda yake. Inna, mahaifiyarmu, ta riga shi da damina biyu. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Duk shekara in wannan rana ta zagayo, masu zuwa gaishe ni suna shigowa da fuskar jaje, ni kuma ina karɓa yadda ya kamata. Amma gaskiyar da ban saba faɗa ba ita ce, in na tuna Yahuza, abin da ya fi yawa a raina sanyi ne. Ƙanena ya rasu yana mutum mai sana'a, hannunsa na warin dalma. Akwai lokacin da na ji tsoron ba haka zai ƙare ba. Zan faɗi yadda abin ya faru daga farkonsa, bi da bi, domin ni dubagari ne har na yi ritaya, kuma ban iya ba da labari daga tsakiya ba.

Gidanmu gidan rubutu ne. Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam, yana kwafar littattafai da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Ni ban gaji hannunsa ba. Na yi elementare, na yi ɗan kwas na tsabtar gari, na kama aiki. Yahuza ne ya gaje shi, sai dai shi a kan tafireta ya sauke nasa. Ya yi shekaru yana buga takardu a wani ofishin gwamnati da ke wajen ganuwa, kuma an san shi da abu ɗaya: ba ya kuskure. Kwalbar farin ruwan nan da ake shafe kuskure da shi ta bushe a aljihun teburinsa ba a taɓa buɗe ta ba. Yana alfahari da wannan fiye da yadda ya dace, na kuma sha gaya masa.

A tsakiyar shekarun casa'in kwamfuta ta shiga ofisoshi, aka rage masu tafireta, yana cikinsu. Ya dawo gida da takardar sallama, ya miƙo mini, ya nuna mini wurare biyu da wanda ya buga ta ya yi kuskure. Ya shiga shigifa ya zauna.

Zaman nan shi ne abin da na ji tsoro. Ya daina fitowa majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Masallaci kawai, ya dawo. Mutumin da hularsa ba ta taɓa karkacewa ba ya koma zama da kai a buɗe har azahar. Aikina ya shigar da ni gidaje da yawa a cikin birnin nan, na ga maza masu ƙarfi da suka yi irin wannan zama bayan aiki ya kuɓuce musu, kuma na ga yadda mafi yawansu suka ƙare. Ba ciwo ne yake fara kama su ba. Zaman ne yake cinye su a hankali, sai daga baya ciwo ya zo ya tarar da saura.

A lokacin firjin Hajara ne ke riƙe da ɓangarensu. Tana yin zoɓo da kunun aya da ƙanƙara. Matsalarta ita ce wuta. In an ɗauke aka dawo da ita nan take, injin firjin yakan ƙone, kuma ya ƙone mata har sau biyu. Mai gyara ya ce maganin shi ne, duk lokacin da wuta ta dawo a jira 'yan mintoci kafin a kunna. Sai ya zama ko tana tsakiyar tuƙa tuwo, da an ɗauke wuta sai ta yar da muciya ta ruga ta zare waya.

Bulus ne ya kawo maganar. Shi ne ke gyara musu tafireta a ofis tun suna samari, daga baya ya koma gyaran kayan lantarki, har ya mallaki wata tsohuwar kwamfuta a gidansa na Wusasa. Wata ranar Asabar ya zo, muna zaure mu uku, ya fito da wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu jere kamar na shanshani. Masu gyaran rediyo aisi suke kiran irinsa. Ya ce wannan ya bambanta da sauran, domin yana da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, ana rubuta masa umarni ya bi. Sunansa na boko maikurokwantirola, amma mu a gida ba mu taɓa wahalar da bakinmu ba, aisi muka ci gaba da cewa.

"Ce masa za ka yi, in wuta ta dawo ka jira, sannan ka kunna firji," in ji Bulus. "Rubutu ne kawai, Yahuza. Kai kuwa me ka iya a duniya in ba rubutu ba?"

Yahuza ya ɗago kai. Rabon da in ga ya ɗago kai haka, tun ranar takardar sallama.

Bulus ya jera masa yadda mai koyo zai zaɓi kayan aiki, kuma jerin ya zauna mini a kai har yau domin ya yi daidai da yadda nake son abu. Ya ce da farko ka duba wace kwamfuta hannunka zai kai gare ta, wato tawa, kuma tsohuwa ce. Bayan ita sai furogirama, ɗan akwatin da ke ɗaukar rubutu daga kwamfuta ya ɗura shi cikin aisi, kuma dole ya zama wanda zai shiga bakin da ake haɗa firinta a tawa kwamfutar. Bayan shi sai abin da yanzu ake kira manhaja, wadda za ka yi rubutun a cikinta, ta kuma san yadda za ta yi magana da wannan furogirama. Aisi shi ne na ƙarshe. Ya ƙara da cewa aisi iri biyu ne a kasuwa. Akwai baƙi na roba, mai araha, wanda sau ɗaya ake rubuta masa, in an yi daidai shi ke nan, in an kuskure ya mutu. Akwai kuma mai taga, mai tsada, da ɗan gilashi zagayayye a bayansa kamar ido, wanda ake haska wa wani irin haske ya goge, a sake rubutawa. Ya ce mai koyo mai taga yake saye.

Kafin mako ya zagayo Yahuza ya hau mota zuwa Kano, ya dawo da wani dogon bututun roba cike da baƙaƙen. Ya fara daga ƙarshen jeri, kuma ya zaɓi wanda aka ce kada ya zaɓa. Da na yi masa magana sai ya ce, "Yaya, wa zai goge? Ni?" Har ya kusa sayo wani ƙaton furogirama na waje da mai shagon ya yi ta yaba masa, wanda da ya kawo shi ba zai shiga kwamfutar Bulus ba. Abin da ya cece shi kawai, mai shagon ya nemi wayar haɗa furogiraman ya rasa. Bulus ne ya haɗa masa ƙarami da hannu, a kan wani ɗan allo da bai fi tafin hannu ba, kuma shi ya yi masa aiki har ƙarshen rayuwarsa.

A wajen manhaja ya yi zaɓi mai kyau, ba zan hana shi wannan ba. Akwai mai sauƙi da ake rubutawa kusan kamar Turanci, amma ta fi ƙarfin kwamfutar Bulus. Akwai kuma ta gajerun umarni na aisin kansa, haruffa uku huɗu a layi, a kan faifan disket guda. Ita ya ɗauka, ta kuma zauna masa, domin ya saba da gajeren rubutun ofis. Sai dai a kan disket ɗin nan akwai wata hanya ta gwada rubutu a fuskar kwamfuta kafin a ɗura shi cikin aisi. Wannan ya ƙi taɓawa. Ya ce shi bai taɓa buga takarda sau biyu ba.

Ga yadda yake yi. Zai zauna a shigifa ya buga umarnin a tafiretarsa, shafi fes ba ɗigo. Ranar Asabar ya hau keke zuwa Wusasa, ya kwafe a kwamfuta, a ɗura a aisi, ya dawo gida ya dasa shi a allon gwaji. Aikin farko na kowane mai koyo shi ne ya sa wata 'yar fitila ja, kamar ƙwayar dawa, ta riƙa kamawa tana mutuwa. Tasa ko dai ta ƙi kamawa, ko ta kama ta tsaya cak. Sai ya zare aisin ya jefa a wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin tebur. Daga ɗakina ina jin ƙarar faɗawarsa.

Bulus ya bi shafukan harafi harafi, bai sami kuskuren yatsa ko ɗaya ba. Kuskuren a tunani yake. Wani lokaci ya ce wa aisin ya jira, amma bai yi la'akari da saurin ƙirgarsa ba, sai fitilar ta riƙa ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani. Wani lokaci ya manta ya gaya masa ta wace ƙafa zai fitar da wuta. Irin kuskuren da duk mai koyo yake yi ne, in ji Bulus, kuma yinsa shi ne koyon. Amma Yahuza bai san irin wannan kuskure ba. Duk wanda ya faɗa gwangwani, shi gani yake wata takardar sallama ce aka sake miƙo masa. Da bututun ya kusa ƙarewa sai ya koma zama, kuma wannan karon ya fi na farko muni, domin ya gwada ya ga bai iya ba.

Ni ba mai lallashi ba ne. Na shiga na same shi, na tambaye shi, Malam ya taɓa ba ka takarda kafin allo? Na ce shekara nawa ka yi kana rubutawa a allo kana wankewa kafin ya yarda ka ɗora alƙalami a kan takardarsa? A tafireta kai gwani ne, ba mai musu. A nan kai ɗan koyo ne, kuma ka je ka sayo takarda bututu guda ba ka da allo. Ya ji haushi, ya kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Amma a Asabar ta gaba ya ce wa Bulus a nemo masa masu taga. Guda biyu aka samu, kuma a kansu abin da ya rage masa na kuɗin sallama ya ƙare. Bayan su babu wasu.

Fitilar da ake goge su da ita ba a same ta ba, an nema har Kaduna. Bulus ya ce ba komai, rana ma tana gogewa, sai dai a hankali, mako guda ko biyu in an bar tagar tana kallon sama. Lokacin bazara ne, ranar da ke fasa ƙasa. Yahuza ya rubuta duka biyun, duka biyun suka kuskure, ya ɗora su a kan faifai ya kai tsakar gida, kan 'yar katangar da ke gefen rijiya inda mata ke shanya. Kullum bayan karin kumallo ya ajiye ya fita shigifa, bayan la'asar ya shiga ya ɗauke.

Mako ya wuce, ya kai su Wusasa, kwamfuta ta ce rubutu na nan. Wani makon ya wuce, haka. Aka shiga wata guda. Har Bulus ya ce da wasa, "Ko ranarku ta cikin ganuwa daban take da tamu?" Yahuza bai yi dariya ba. Wata ranar Talata muna fitowa daga sallar magariba ya ce mini, murya ƙasa ƙasa, "Yaya, ka ce allo ake wankewa. Nawa ya ƙi wankuwa. In Juma'a ta yi suna nan yadda suke, kududdufi zan kai su, har da tafiretar." Na san ba aisi kaɗai zai jefa a kududdufin nan ba. In ya yi haka, shigifar nan ba zai ƙara fita daga cikinta da ƙafarsa ba sai masallaci.

Washegari na bi abin yadda nake bin tushen annoba a unguwa. Na je Wusasa na tambayi Bulus ko kayan na jabu ne. Ya ce a'a, ya taɓa goge irinsu a bayan ɗakinsa. Na tambaye shi ko furogiraman ne ke ƙarya. Ya gwada shi da wani aisi a gabana, lafiyarsa lau. To, kaya lafiya, na'ura lafiya, rana kuma ta Allah ce, ɗaya ce a ko'ina. Saura wurin da ake ajiyewa. A nan aikina ya tuna mini wani abu. Gidan da ka gani da safe da yamma gida ɗaya ne, gidan da za ka gani da tsakar rana wani ne daban. A gidanmu, kamar gidajen birni da yawa, namiji ba ya shiga tsakar gida daga hantsi zuwa la'asar. Lokacin mata ne, su yi aikinsu su sake. Yahuza yana ganin faifansa da safe, yana ganinsa da yamma, bai taɓa ganinsa a lokacin da rana ke aiki ba.

Na dawo kafin azahar, na tsaya bakin ƙofar ciki na yi sallama da ƙarfi, na jira aka kimtsa, na shiga. Ga faifai a kan katanga. An kife shi da wani faifan, an ninke tsohon zane an ɗora, an danne da dutsen niƙa ƙarami.

Inna tana zaune a inuwar ɗakin girki tana tsince wake. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

"Inna, wa ya rufe wannan?"

"Wa zai rufe in ba ni ba? Kai kuma me ya shigo da kai da rana tsaka, ko randunanmu ka zo dubawa?"

"Tun yaushe kike rufewa?"

"Tun ranar da Auta ya fara mantawa da su a nan. Mutum ya zuba ɗan abin da ya rage masa a kan kaya, ya zo ya yasar a rana kamar barkono. Ka taɓa su kuwa ka ji zafi? Rediyon ubanku rana ce ta lanƙwasa shi a kan taga. Abu da ido ɗaya tal, a bar shi yana kallon rana?"

"To ya aka yi bai taɓa tarar da su a rufe ba?"

"In rana ta yi sanyi sai in buɗe su sha iska kafin ya shigo. Yaron nan abin da ke kansa ya ishe shi, ba sai na ƙara masa da kunyar sakaci ba."

Na juya wajen Hajara, tana bakin murhu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gani, Yaya. Amma ni ce zan ce wa Inna ta ɗauke faifanta? Kuma shi bai taɓa ce mana rana yake so su sha ba."

Na zauna a kan turmi na yi dariya har hawaye. Ni ba mai dariya ba ne, duk Kwarbai sun sani, har Inna ta ajiye waken ta ce a kawo mini ruwa. Na aika aka kira Yahuza, ya shigo tsakar gida da rana tsaka yana rarraba ido, na nuna masa dutsen da zanen da faifan. Sannan ya tsuguna gaban Inna, ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko, ya bayyana mata cewa rubutu ne a ciki, rubutun ya kuskure, rana ce za ta wanke shi.

Inna ta ce, "To ba sai ka faɗa ba? Shanya za a koya mini?"

Daga ranar ta karɓi aikin. Ta ce katangar rijiya ba wurin shanya mai kyau ba ne, inuwar durumi na rufe ta tun kafin la'asar. Ta sa Hajara ta riƙa ɗora faifan a kan kwanon ɗakin girki, tana matsar da shi yadda rana ke tafiya. Kowace safiya sai ta goge 'yan tagogin da gefen mayafinta. Kaza ba ta isa ta tunkari wurin ba. Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya ambaci kududdufi.

Ranar da kwamfutar Bulus ta ce sun goge fes, tun daga nesa na jiyo ƙararrawar keken Yahuza. Ya dasa wanda aka sake ɗura wa rubutu a allon gwaji, ina tsaye bakin shigifa. Fitilar ta kama, ta tsaya cak. Ya sake kuskure. Wannan shi ne lokacin da na fi jin tsoro a duk labarin nan, na kuma kalli gwangwanin madarar da ke ƙarƙashin tebur. Yahuza ya sosa ƙeya, ya ɗauki shafinsa ya bi da yatsa, ya ce, "Af, ga inda na kauce." Ya zare aisin, ya leƙa ƙofar ciki ya ɗaga murya: "Inna, ga shanya!"

A nan hankalina ya kwanta, kuma bai ƙara tashi a kan Yahuza ba har ya bar duniya.

Sauran ya biyo a jere. Da ya ga kowane kuskure jiran rana yake jawo masa, da kansa ya koma gwada rubutu a fuskar kwamfuta kafin ya ɗura. Fitila ta fara ƙiftawa kafin ruwan farko ya sauka. Kafin kaka firjin Hajara ya sami mai gadinsa, in wuta ta dawo sai ya jira, ka ji ƙas, sannan injin ya tashi. Sai a lokacin ya waiwayi 'yan baƙaƙen da suka rage a bututu, ya ɗura musu rubutun da ya tabbata, ya haɗa wa maƙwabta. Mata masu ƙanƙara daga Gyallesu har Tudun Wada suka riƙa aiko mazajensu. Ya koma majalisa, hula a daidai. Daga baya wasu aisi suka shigo da ake gogewa da lantarki nan take, ba taga ba rana. Yahuza ya yi murna, Inna ta yi fushi, ta ce an sallame ta daga aiki ba takarda.

Rabi, wadda ke goye ranar rasuwarsa, ba ta san shi ba sai a bakinmu. Yanzu ita ke koyar da wannan fanni a wata makarantar koyon sana'a. Kwanan baya ta kawo mini wani ɗan allo da bai kai akwatin ashana biyu ba, ta haɗa shi da kwamfutarta ta hannu da waya ɗaya. Babu furogirama daban, a jikin allon yake. Manhajar kyauta ake saukewa. Ta rubuta, fitila ta ƙifta. Ta yi kuskure da gangan, ta gyara, ta sake ƙiftawa, duk kafin shayina ya huce. Abin da ya ci wa ubanta bazara guda da tafiyar Wusasa a keke ke nan.

Na yi ta tunanin abin da zai ce in ya ga wannan. Na san shi, da farko zai taɓe baki ya ce an lalata yara. Bayan haka zai jawo kujera ya ce ta matsa ya gani, kuma ba zai tashi ba sai an kira salla. Abin da ba zai yi masa daɗi ba shi ne wanda Rabi ta gaya mini, cewa ɗalibai da yawa suna kwafo rubutun wasu daga waya su ɗura ba su karanta ba, in ya ƙi aiki su ce allon ne. Shi ko a lokacin da yake kuskure, kuskurensa nasa ne. Ta kuma ce har yanzu akwai masu farawa daga ƙarshen jeri, su sayo allo mafi tsada da tarkacensa tukuna, sannan su zo suna tambaya ko zai shiga kwamfutarsu, ko me za su yi da shi. A nan ina jin Yahuza zai tuna bututunsa na Kano.

Firjin Hajara ya daɗe da tafiya wajen 'yan gwangwan. Tafiretar ta yi tsatsa, gara ta cinye faifan Inna. Bulus na nan, idonsa ya yi rauni, amma duk shekara a wannan rana sai an kawo shi, mu zauna a zaure mu yi shiru tare. Abin da ya rage na Yahuza wanda ban ga ya tsufa ba shi ne abin da ya gaya wa Bulus ana gobe zai rasu. Akwai wani aiki a kan teburinsa da bai gama ba. Ya nuna shi da haɓa, yana murmushi, ya ce akwai kuskure wajen ƙasa, bai gano shi ba tukuna, a duba. Mutumin da kwalbar gyara ta bushe a teburinsa ya tafi ya bar kuskure a buɗe, kuma bai hana shi barci ba. Rabi ta ce abin da take fara gaya wa sababbin ɗalibai shi ne za su yi kuskure, su zaɓi kayan da za su yafe musu. Ba daga bakinsa ta ji ba, amma nasa ne.

Mai karatu, ga roƙona gare ka. In akwai wani a gidanka da ya fara wannan koyo, babba ne ko matashi, musamman wanda wani aiki ya kuɓuce masa, kada ka bar shi ya sayi komai sai ya san kwamfutar da zai yi aiki da ita da abin da yake son haɗawa, kuma ka tabbata abin da ya saya ana gogewa. Ka sa shi ya gaya wa mutanen gida abin da yake yi, har tsohuwar da yake ganin ba za ta gane ba. In ka ga ya yi shiru ya koma zama, kada ka tsaya a gaisuwar safe da ta yamma, ka yi sallama ka shiga da rana tsaka ka ga abin da ya rufe masa faifai. In ka idar da sallarka ta gaba kuma, ka sa Yahuza da Inna a addu'a.